Azumin da Na Daka Tsumma

Azumin bana ya faɗo cikin zafi, irin zafin nan da Kumasi take yi kafin ruwan farko. Tun hantsi kwanon ɗaki yake shan rana, kafin azahar sai ka ji kamar an kifa maka tukunya a ka. Famfon lungunmu sai ranar da ya ga dama. Ina zaune bakin ƙofa, hannuna na dama yana ta rawa a kan cinyata ba ni na sa shi ba. Rabon da azumi ya faɗo a irin wannan lokaci an fi shekara talatin, kuma tun da aka ga watan bana wancan azumin ya zo ya zauna mini a ƙirji.

Ni ba mai karatu ba ne. Allo na yi, boko kuwa tun firamare na bar shi. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Babana, Malam Garba, daga wajen Tawa ya zo yana saurayi. Ya zauna a Zango yana ɗaurin goro har gemunsa ya yi fari. In ya shimfiɗa ganye ya jera goro ya ɗaure huhu, har Legas za a kai shi ba a sami wanda ya bushe ba. Ni dako nake yi a rumfar goron, in ɗauko huhu in jefa a lori. Ƙarfi kaɗai Allah ya ba ni. Lokacin ban yi aure ba. 'Yan'uwana mata suna gidajen mazansu, ɗaya a Tamale, ɗaya a Ankara babban birni. Mu uku muka rage, ni da Baba da Mma mahaifiyata, a ƙarshen lungu, ɗaki biyu na ƙasa da ɗan tsakar gida da Baba ya kewaye da tsohon kwano.

Ciwon Baba da hannu ya fara. Igiya ta riƙa kuɓuce masa. Sai murya ta ragu, fuska ta daskare, ko dariya ake yi shi kamar yana wajen jana'iza. Daga baya ya sauka ƙafa. Zai tashi lafiya, ya ja taku ƙanana ƙanana, da ya zo bakin ƙofa sai ya kafe. Kafewa ta gaske, kamar an zuba masa siminti. Jikinsa na sama yana so ya tafi, ƙafa ta ce ba inda za ta. In ka ja shi faɗuwa zai yi. Aka ce sammu ne, aka ce wani abu ya taka a kasuwa. Ya sha rubutu, ya shaƙi turare, muka kai shi wajen wani Batone, cikin 'yan asalin ƙasar nan, mai magani a unguwar Atonsu, ya ba shi saiwa mai ɗacin tsiya. Keken ɗinkin Mma da tumakinmu duk ta nan suka bi. Ba abin da ya canza.

Sai shekarar ta zo da nata. Ruwa ya makara. Goro ya yi ƙaranci, lorin Arewa suka rage zuwa, mu 'yan dako mu wuni kwance kan buhunan wofi muna kallon titi. Masara ta yi tsada, rogon da ake rainawa ya zama abin nema. Rijiyar masallaci ta ja baya, guga sai ya fito da rabin laka. A gidanmu sahur kokonte ne, garin busasshen rogon nan mai duhu, Mma ta dama shi ruwa ruwa da gishiri da barkono. Shan ruwa ma shi ne, in ya samu. Barin abinci da rana bai dame mu ba, mun riga mun saba tun kafin watan. Ƙishirwa ce take kama mutum. Da la'asar harshe ya zama kamar ɓawon itace, in ka haɗiyi miyau ka ji maƙoshi yana tsagewa.

Masallacin lungunmu yana da al'ada. Da yamma kowane gida zai aika da kwano, koko ko ƙosai ko masa, abin da ya samu dai, a shimfiɗa tabarma a waje maza su sha ruwa tare. Wanda ya zo salla zai zauna ya ci. Mma ta riga ta sa wannan a ranta tun kafin a ga wata. Ta ce mini, "In ubanka ya isa masallaci da magariba, zai ci abin kirki sau ɗaya a rana, kuma ba roƙo ya yi ba."

Isar ita ce aikin. Masallacin ba nisa, daga ƙofarmu kana hango bangonsa. Amma akwai ƙofar gida, akwai kwana, sannan akwai katakon da aka ɗora a kan gota, wato kwata, daidai ƙofar Mma Adiza mai sayar da tuwo. Duk wuraren kafewa ne. Na ce in goya shi. Ya dube ni da fuskar nan tasa, ya ce a hankali, "Ranar da za a ɗauke ni zuwa masallaci tana nan zuwa. Ba yau ba." Dawowa kaɗai ya yarda in goya shi, bayan isha'i, in mutane sun watse.

Farkon watan akwai 'yar masarar da ta rage. Wata la'asar Mma tana surfe a tsakar gida, ni ina ɗinke silifa da waya, Baba ya kafe a ƙofar ɗaki da buta a hannu. Sai Mma ta ce, "Tanko, dubi ƙafar ubanka."

Na duba. Taɓarya ta sauka, ƙafar dama ta ɗaga. Ta sake sauka, hagu ta bi. Mma ta tsaya da gangan, taɓarya a sama. Baba ya tsaya. Ta ci gaba, ya ci gaba, har ya ƙetare tsakar gidan da taku manya irin na da. Mma ta jingine taɓaryar, ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Ban san ko kuka take ko dariya ba.

Baba ya ce, "To wa ya ce ki tsaya?"

Washegari na ce ai ba sai turmi ba, in bi shi a baya ina tafi. Muka gwada a cikin gida, ya yi daidai. Da na ce mu fita haka, ya ce shi ba amarya ba ne da za a raka shi da tafi. Turmi kuwa ba wanda zai san don shi ake yi. Daka dai daka ne.

Hannun Mma ba ya kai sautin har gota, don haka taɓarya ta dawo hannuna. A wajen Tonawa namiji ya yi daka ba komai ba ne, aikinsu ne, a kowane gida ka gan su ba riga suna kai da komowa. Mu a gidanmu ban taɓa ganin namiji ya riƙe taɓarya ba. Na ɗauka kamar na ɗauki kayan sata. Mma ta tsugunna wajen wani rami a jikin kwanon danga, ido a waje, tana ba ni umarni.

"Sassauta."

"Ƙara kaɗan."

"Ya kai kwana."

"Ya hau katako, kar ka canza hannu, kar ka canza!"

Sai in ji ta sauke numfashi, "Ya dafa bango." Nan zan ajiye, zufa ta jiƙe ni har wando, idanuna suna ganin taurari. Ranar farko Baba ya dawo da ƙamshin ƙosai a hannunsa. Ina goye da shi ina jin ƙamshin a bayan wuyana.

Masara ta ƙare kafin goman farko ta ƙare. Na buga turmin wofi sau ɗaya, ya yi ƙara ƙwal, har cikin haƙorina. Mma ta riƙe hannuna. Ta ce duk macen da ke lungun nan za ta san ba komai a ciki, kuma ba a dakan turmi wofi, tsiya yake kira. Na ce, "Mma, tsiyar ai ta riga ta zo, har ta shimfiɗa tabarma." Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon zaninta, ta yaga, ta jiƙa da ruwan wanke-wanke, ta haɗa da ragowar ganyen goron Baba, ta cusa a turmin. Ta ce in gwada.

Dum. Dum. Sauti mai taushi, mai nauyi, sak fufun da ya fara laushi.

Nan muka yi kuskure. Dabarar ta yi kyau fiye da kima. Shekarar nan turamen lungu sun yi shiru, mai abin dakawa kaɗan ne, mai fufu kuwa sai ranar Juma'a in ya yi sa'a. Sai ga gidan Malam Garba kullum dum dum, kan taɓarya yana leƙowa sama da danga, kowa yana gani, kowa yana ji.

A rumfar goro suka sa ni gaba. Wani abokin dakona ya ce, "Masta, ashe kai ne Batonen gidanku? Kullum fufu paa, na gaske, mu ko ƙashi ba ka kawo mana."

Wani ya ce, "Ku bar shi. Ba ku ga yadda yake ramewa ba? Daɗi ne ya yi masa yawa."

Na yi dariya tare da su.

Mata kuma suna da tasu al'adar, yara su riƙa kai kwano gida gida kafin magariba, kuma kwano ba ya komawa wofi. Mma ba ta da abin sawa a ciki. Sai ta fara tare yaran a bakin ƙofa, ta ce, "Ku ce mun gode, muna da shi." Ta mayar da abincin da ni da ita muke mafarkinsa. Ina tsaye bayan ƙofa ina jin ƙamshin koko yana juyawa yana tafiya. Magana ta fita cewa matar Malam Garba ta sami duniya, ba ta cin na kowa, ba ta ba kowa nata.

Ni in na gama daka sai in wanke fuska in bi bayan Baba don salla, amma ba na zama a tabarma. Mutum biyu daga gida ɗaya hannu wofi ya yi yawa. Ruwa nake kurɓa in koma gefe. Wata rana ina gefen na ji wani mai shagon kayan mota yana cewa, ba da ƙarfi ba, amma yadda za a ji, "Wasu a gida fufu na jiransu, nan kuma su zo su taya mu da ƙosai." Baba yana riƙe da ƙosai a lokacin, hannun yana rawa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, dama ba ta iyawa. Ya kai baki ya ci, a hankali, har ya cinye. Ni ne na kasa tsayawa, na zagaya bayan masallaci wajen alwala na tsugunna.

Na ce wa Mma mu faɗi gaskiya mu huta. Ta ce, "Gara su ce rowa gare ni da su ce Malam Garba ya kasa ciyar da gidansa. Ɗauki taɓaryarka."

Baba bai taɓa leƙa turmin ba. Sau ɗaya dai, ina goye da shi, ya ce mini a kunne, "Fufun nan naku har yau bai nuna ba?" Na kusa sakinsa a gota.

Haka muka ja har tsakiyar wata. Hadari ya haɗu ta gabas ya yi baƙi, iska ta kaɗa, mutane su fito da bokitai, sai ya watse. Zafin bayan haka ya fi na da. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Tsumman nan ya zama kamar nama, Mma ta riƙa ƙara wani.

Ranar da abin ya fashe, Mma ta mayar da kwanon Mma Adiza. Ba ranar ta fara ba, amma ranar ce Mma Adiza ta ƙoshi. Badagomba ce, ƙatuwa, in ta yi magana a ƙofarta ana ji a titi. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk "ya" ne. Baba ya riga ya fita, ina tsakiyar daka, Mma tana wajen raminta, sai muka ji an banko ƙofa.

"Salamu alaikum! Ina matar Alhaji? Tuwona guba ne? Shekara nawa muna lungu ɗaya, yau kin ga fufu..."

Ta tsaya. Kwanon yana hannunta. Ta dubi murhu, ba wuta, ba ko toka mai ɗumi. Ta dube ni, ƙato ba riga da taɓarya a sama. Ni kuwa na daskare, na kasa saukewa. Ta matso ta leƙa turmin. Tsumma ne baƙi, jiƙaƙƙe, da ganye a niƙe.

Daga waje muka fara jin hayaniya, yara suna dariya, wani yana cewa, "Malam, ka wuce mana, ka tare hanya." Mma ta mayar da ido ramin, sai ta yi ihu da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Yana kan katako! Daka, Tanko! Daka don ubanka!"

Na daka. A gaban matar nan, ina kallon ƙasa, na daka tsumma. Ruwan datti yana fallatsa mini a ƙafa. Dum. Dum. Mma Adiza ta ajiye kwanon, ta ture Mma gefe da kafaɗa, ta sa idonta a ramin. Ta daɗe a haka. Na ji tana cewa, "Yoo. Yoo. Allahu akbar." Da Baba ya dafa bango ita ce ta ɗaga mini hannu.

Ta miƙe ta kakkaɓe zani. Ta ce, "Ni na ce. Gidan da ake fufu kullum, ba hayaƙi, ba ƙamshin miya." Ta dubi Mma. "Ke mugun mutum ne." Ta fita ta bar kwanon a ƙasa.

Muka ci tuwon nan ni da Mma, ba mai kallon wani. Miyar ayoyo ce da ɗan kifi. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Na san kafin gari ya waye duk Zango ta ji.

Washegari bayan la'asar sai ga Lariba, 'yar Mma Adiza, sa'ata ce, mai baki kamar uwarta. Ta shigo da roba a ka, dafaffen rogo da mankani, wato gwaza, yana tururi. Ta sauke a gaban turmi, ta ce, "Mma ya ce turminmu ya tsage. Ku daka mana." Ta zaro tsumman da yatsa biyu ta jefar bayan danga, ta wanke turmin, ta ja kujera ta zauna juyi. Ta ce mini, "In ka daka mini hannu, sai na fasa maka kai."

Turminsu bai tsage ba. Da safe na wuce na gan shi a ƙofarsu lafiya lau.

Fufu na gaske ya fi tsumma wuya, yana kama taɓarya. Kuma Lariba ta saba da saurin masu sayarwa. Mma tana rami tana cewa sassauta, Lariba tana cewa, "Wannan daka ne ko gyangyaɗi?" Amma hannunta ya bi nawa. Da muka gama ta mulmula, ta cika robarta, ta ware ƙaton curi biyu a kwanonmu, ta ce ladan turmi ne. Wani kuma ta sa a kwano ta rufe, ta kai masallaci da kanta, ta ajiye a tabarma ta ce da ƙarfi, "Daga gidan Malam Garba."

Bayan kwana kaɗan turmin matar ladan ma ya tsage, ta aiko da gero. Sai na matar mai shagon kayan mota. Kafin goman ƙarshe ba turmi mai lafiya a lungunmu sai namu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk sun san lokaci. Ba mai aikowa da safe ko da azahar, sai daidai fitar Baba. Kuma in ya fito, lungu ya yi tsit. Matan da ke wanke-wanke su daina buga kwano, a janye yara daga kan katako. Ba mai kallonsa, kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Da, mutane suna zaginmu ba su san komai ba. Yanzu sun san komai suna mana alheri. Wallahi ban san wanne ya fi nauyi ba. Na daina bi ta gaban lungu, sai ta bayan makewayi nake zagayawa. A rumfa ma tsokanar ta mutu, wanda yake ce mini Batone ya koma ce mini sannu.

Baba ya gane. Ranar da ya dawo ya tarar da fufu na gaske a kwano ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ya nuna ke nan." Amma bai fasa fita ba.

Ruwa ya sauka ana saura kwana kaɗan salla. Ya zo da iska, ya ɗaga kwanon dangarmu, gota ta cika ta tafi da katakon nan. Ƙamshin ƙasa ya shiga ko'ina, yara suka fita tsirara suna ihu. Ranar kaɗai Baba ya yi magariba a gida. Da safe na fita in nemo katako, na tarar har an sa sabo, mai faɗi, an buga masa ƙusa. Ban tambayi wanda ya sa ba. Bayan salla goro ya fara shigowa, lori suka dawo. Baba ya ƙara azumi biyu a duniya, na ƙarshen a kwance. Mma ta bi shi daga baya. Turmin ya tsage da gaske wata shekara, muka yi wuta da shi.

Yanzu ba mai daka a lungunmu. Fufu a inji ake kai shi, ya yi kuka kamar babur ya fito da shi. An zuba kankare a kan gotar. Dangar kwano ta zama bulo, na ƙara ɗaki.

Bara hannuna ya fara. Na ɓoye shi a aljihu har 'yata Rukaya ta kama ni ina zubar da shayi. Ta ja ni asibiti. Dokta ya kira sunan ciwon, Fakinsin, ya ba ni ƙwaya. Ya tura ni wajen wata mata mai koyar da motsa jiki, yarinya ce, ba ta kai Rukaya ba. Ta sa ni tafiya a baranda, ta ga yadda nake kafewa a ƙofa. Sai ta karɓi wayata ta sa mata wani abu mai bugawa, tik, tik, tik. Ta ce in ɗaga ƙafa a kan kowane bugu. Ta fara yi mini bayani da Tonanci, wai ƙafa ta manta lokacin tashi, kunne ne zai tuna mata. Na ce mata na sani. Ta ce a ina na sani. Na ce a gida.

Abin yana aiki, ba zan yi ƙarya ba. A tsakar gida ina tafiya da shi kamar soja. Amma fita da shi ne na ƙi. Rukaya ta sayo mini abin sawa a kunne, na ce ni da furfurata ba zan nufi masallaci da igiya a kunne kamar yaron motar haya ta trotro ba. Ta ce to in bar shi a aljihu yana ƙara. Na ce wannan ya fi muni, kowa ya ji ina tafe ina tik tik kamar agogon bango. Tun da azumi ya kama a gida nake salla. Duk wanda ya tambaya a ce masa gwiwa ce.

Rukaya ta ce, "Baba, kunyar wa kake ji?"

Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Shekaranjiya zaman ya ishe ni. Bayan la'asar na yi alwala, na sa wayar a aljihu a kashe, na ce zan gwada da ƙarfina. Ƙofar gida na wuce ta da dafa bango. Kwana ma na wuce. Da na zo kan kankaren gotar sai ƙafa ta ce nan ta tsaya. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ba rami, ba katako, amma ta kafe. Zufa ta keto mini. Wani mai babur ya yi hon a bayana, ya kauce yana ƙunƙuni. Wayar tana aljihun dama, hannun daman kuwa yana ta rawarsa. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata kamar na wani.

Sai na ji ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Lariba ce. Ita ta gaji wurin uwarta, ta gaji jikin ma, yanzu jikoki gare ta. Ludayi take bugawa a bakin tukunya, ba ta ko kalle ni ba, tana ta masifa da wata mai saye a kan canjin miya. Amma bugun bai kauce ba. Ƙafar dama ta ɗaga. Hagu ta bi. Na wuce ta gabanta kaina a ƙasa, ban gaishe ta ba. Har na dafa bangon masallaci tana bugawa.

Bayan salla wani yaron maƙwabta ya riƙe mini hannu muka dawo. Lariba tana kwashe kaya. Na so in wuce, ta ce, "Tanko."

Na tsaya.

"Gwiwa, ko?"

Na kau da kai.

"Rukaya ya faɗa mini tun kafin azumi. Duk lungu sun sani. Kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba." Ta jefa ludayin a roba. "Gobe ka kunna abinka. Ni tuwo nake sayarwa, ba kiɗa ba. Kafaɗata ciwo yake."

Jiya na kunna. Rukaya ta ƙure masa ƙara, ta sa mini a aljihun gaba, na fita ina tik tik. Kunnuwana suka yi zafi. Yara biyu suka biyo ni suna taka ƙafa irin tawa, wata mata ta daka musu tsawa daga taga. Maza a bakin shago duk suka sami abin kallo a wayoyinsu. Na san wannan shirun, na taɓa jin sa daga bayan danga.

Da na zo kan gota Lariba tana tuƙa tuwo. Ta ɗaga kai ta saurara, ta dubi ƙafata, ta yamutsa fuska.

"Ka ce wa Rukaya ya sassauta shi kaɗan," in ji ta. "Ubanka ma ba ya son sauri."